Ƙadangarun Hafiza

Saura kaɗan Malam Tukur ya kifa sa'ad da yake fitowa daga mota a tashar Makarfi, domin da hannu ɗaya ya dafa ƙofa. Ɗayan yana cikin aljihun rigarsa tun daga Ikara, a dunƙule, kamar wani ya ce zai ƙwace abin da ke ciki. Direba ya ce, "Baba, a hankali mana!" Bai ko waiwaya ba.

Ranar kasuwa ce, gari ya cika ya batse. Ga dammunan rake an jingine, ga masu mazarƙwaila suna fama da ƙudan zuma, ga 'yan acaɓa suna danna wa mutane hon a kunne. Malam Tukur ya ratsa ta tsakiyarsu bai gai da kowa ba. Wanda ya san shi zai gane yau ba lafiya, don tsohon malamin firamaren nan mutum ne da in ya fara gaishe ka sai ya tambayi lafiyar akuyar gidanku kafin ya sake ka.

Ya sami Iliyasu maƙerin azurfa a rumfarsa yana zuga wuta, zobba da 'yan kunne jere a kan wani jan ƙyalle. Suka gaisa, gaisuwar da Iliyasu ne ya ɗauki nauyinta kusan duka: ina gajiya, ina iyali, ya aka ji da ruwa, ya ƙarin haƙuri. Malam dai daga "lafiya" sai "alhamdu lillahi". Sannan ya zauna a benci, ya fito da hannun nan ya buɗe.

Kwabo ne na azurfa, ya ɗan ɗara tsohuwar naira ta ƙarfe faɗi, a rufe cikin wani ɗan gida na roba garai-garai. A jikinsa an zana wata dabba mai kama da ƙadangare, tsaye da ƙafa biyu, baki a wangame, haƙora zaƙo-zaƙo, hannuwa kuma 'yan mitsi-mitsi.

"Tabarakallah!" in ji Iliyasu. "Wannan azurfa ce ta gaske. Wane irin ƙadangare ne haka, Malam? Ko damo ne aka ɓata wa rai?"

"Dainoso ake ce masa. Sun ƙare tun ba a yi mutane ba."

"To, gara da suka ƙare. Zobe za a yi maka? Zai ba da biyu har da ragowa."

"Ba narkawa za ka yi ba. Akwai tabo a jikinsa, nan gefen wuya, aka goge. So nake ka dawo min da shi."

Iliyasu ya saki zugazugi ya dube shi. "Malam, na tsufa a sana'ar nan ana kawo min azurfa in fid da tabo. Yau na fara ganin wanda ya biya kuɗin mota don a mayar masa da shi."

Malam Tukur bai yi dariya ba.

Hafiza ce ta kawo kwabban, 'yarsa ta fari. Tun tana ƙarama ta tsinci hoton dabbar nan a wani yagaggen littafin kimiyya da yake koyarwa da shi, ta hana shi sakat da tambaya. Ina suke yanzu? Wa ya gan su? Sun riga Annabi Adamu? Shi ma ba wata amsa yake da ita ba, sai dai ya ce ta yi karatu ta zo ta gaya masa. Ta kuwa ɗauki maganar da gaske. Ta karanci ilimin duwatsu a Zariya, abin da 'yan unguwa suka daɗe suna yi wa dariya, wai an tura yarinya jami'a ta koyi dutse alhali ga shi nan kyauta a bayan gari. Daga nan ta sami tallafin ƙaro karatu a Kanada. Da ta zo hutu sai ta kawo masa tsarabar wani ɗan akwati, ciki kwabbai biyar na azurfa, kowanne da irin dabbarsa: mai dogon wuya, mai ƙaho uku, mai faranti a gadon baya. Unguwa ta raɗa musu suna ƙadangarun Hafiza.

"Baba, ba na kashewa ba ne, na ajiya ne," ta ce masa a ranar, tana zaune a gabansa tana shan rake. "Kuma ba a buɗewa. Hannu yana ɓata su."

Shi kuwa don ya tsokane ta ya ce an cuce ta, murfin gwangwani aka sayar mata. Ta ji haushi, ta ɓalle gidan mai haƙoran nan don ya ji nauyinsa, ta miƙa masa da babban yatsanta a kai, yatsan da ke danƙo da ruwan rake. Sai ta ankara. "Kash! Ni na kafa doka, ni na karya." Ta ɗaga shi ta duba a haske, ba ta ga komai ba, ta mayar ta rufe tana dariya.

Ba ta koma Kanada ba. Kafin hutun ya ƙare zazzaɓi ya kama ta, aka ɗauka na sauro ne irin wanda kowa ke yi da damina. Da aka gane ya wuce nan, lokaci ya riga ya yi.

Zulai, matarsa, ita ta raba kayan. Sutura, takalma, littattafai, jakar tafiya, duk ta bi dangi da maƙwabta ta ba su, ta share ɗakin, ta wanke abin wankewa. Ba wanda ya ga hawayenta. A wurinsu uwa ba ta nuna 'yar fari, ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata kuka a gaban mutane. Ko da Hafiza na da rai "yarinyar nan" take ce mata. Malam ya san al'adar sarai, a cikinta aka haife shi. Duk da haka ya ji zafin saurin da aka yi, ya kuma riƙe abin a ransa.

Bayan wasu watanni ya buɗe akwatin kwabban, wanda da yake nasa ne aka bar masa. A gefen wuyan mai haƙora ya ga wani tabo ruwan ƙasa ya fito, wanda da babu shi. Ya sa tabarau, ya matsa bakin taga. Layuka ne sirara, suna zagaye juna, suna komawa tsakiya. Shatin yatsan Hafiza ne, azurfar ta riƙe shi ta ɓoye, sai yanzu ta bayyana shi. Ranar ya yi kukan da ya fi na ranar jana'iza.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa kansa don hawan jinin Zulai ne, likita ya ce a guji tayar mata da hankali. Ya ce wa kansa in malamai suka ji za su ce ya kasa sallama wa ƙaddara. Duk gaskiya ne. Amma akwai ta ukun da ba ya son dubawa: wannan nasa ne shi kaɗai, kuma yana tsoron hannun da ya share ɗakin nan. Kullum ya dawo daga masallaci da asuba sai ya zauna bakin taga ya yi ta kallo, har a kawo koko.

Yau da safe ya wuce wurin raɗin suna a maƙwabta. Da ya dawo ya tarar da koko da ƙosai a faranti, a gefe kuma ga mai haƙora a kan wani farin hankici, yana walƙiya kamar yau aka ƙera shi. Zulai na tsaye bakin ƙofa, hannunta da sauran toka, tana murmushi. Rabon da ya ga murmushin nan tun kafin rasuwar.

"Na ga tabon yana damunka, Malam," ta ce. "Toka da lemun tsami na sa, irin yadda nake yi wa mundayen Inna. Ka ga ya fita tas."

Ya duba. Ya fita tas ɗin kuwa. Bai san sa'ad da bakinsa ya buɗe ba.

"Wa ya sa ki? Wa ya aike ki? Jahila kawai!"

Shi ke nan abin da ya ce. Ya suri kwabon ya mayar gidansa na roba, ya fita zuwa tasha, bai tsaya ganin yadda fuskarta ta koma ba.

A taƙaice ya ba Iliyasu labarin yatsan, kansa a sunkuye. Maganar da ya gaya wa Zulai kuwa ya tsallake ta. Maƙerin ya daina wasa. Ya wanke hannu, ya buɗe gidan robar ya ɗauki kwabon ta gefe-gefe, ya ɗauko wani ɗan gilashi da yake duba zanen zobe da shi. Ya juya nan, ya juya can. Ya hura masa hucin baki ya yi maza ya duba kafin ya bushe, ko wani abu zai nuna. Ya fita da shi rana, Malam na biye da shi kamar mai jiran sakamakon asibiti.

"Malam," in ji shi a ƙarshe, "wadda ta goge wannan da zuciya ɗaya ta goge. Ba ta bar komai ba."

"Ko kaɗan? Ko layi ɗaya?"

"Ga gilashin, duba da kanka."

Ya duba. Babu komai sai 'yan ƙananan karce-karcen toka, suna zagaye wurin da yatsan yake.

"Baƙi zan iya mayar masa," in ji Iliyasu a hankali. "In na rufe shi da dafaffen ƙwai ya kwana, gobe za ka ga ya yi duhu. Amma zanen yatsa, Wanda ya zana shi Shi kaɗai ke da irinsa. Ka yi haƙuri."

Malam ya gyaɗa kai. Ya mayar da kwabon gidansa ya danne murfin, ya zauna a bencin yana kallon garwashi. Ji yake kamar yau aka yi rasuwar, sai dai yau babu mai zuwa yi masa gaisuwa. Iliyasu ya aika aka kawo masa ruwan leda, ya riƙe bai sha ba.

Yana nan wayarsa ta yi ƙara. Ɗayyabu ne, yayan Zulai, daga Likoro.

"Tukur, kana ina?"

"Ina Makarfi, Yaya. Ina wuni? Ina..."

"Riƙe gaisuwarka tukuna. Ƙanwata ta sauka a gidana daga ita sai mayafi, ko jaka babu. Na tambaye ta ta ƙi magana. Mace da furfura, da jikoki, yau ta yi yaji? Me ka yi mata?"

"Ga ni nan zuwa, Yaya."

Ya hau mota zuwa bakin titi, daga nan ya ɗauki acaɓa. Hanya duk gonakin masara ne an fara karya, dawa kuma ta fid da kai. Malam bai ga ko ɗaya ba, darasi yake shiryawa. Malamin makaranta ko ya yi ritaya ba ya barin hali: ya tsara ta inda zai fara, ya tsara ta inda zai ƙare. Zai ba ta haƙuri a kan kalmar, wannan dole ne. Sannan zai gaya mata abin da ke cikin tabon, daga rake har zuwa bakin taga. In ta ji, za ta gane ba a banza ya yi ihu ba. Za ta gane ba mutumin banza ta aura ba. Can ƙasan zuciyarsa ma, Allah ya yafe masa, yana so ta ji abin da ta yi.

Ya sami Ɗayyabu a zaure yana ɗinke bakin buhu. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa, suka gaisa gaisuwa cikakkiya a wannan karon, har da ta amfanin gona. Ɗayyabu bai ɗago ba sai da ya ƙulle zaren.

"Ni ban taɓa tsammanin zan karɓi biko daga wurinka ba, Tukur. Da ƙuruciya ba ku yi ba, sai yanzu da haƙora suka fara zuba? Shiga, tana ciki. Ni ba zan shiga tsakaninku ba sai in ta ce in shiga."

Tana zaune a tabarma ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta sa ƙwarya a gaba tana murje masara da hannu. Matan gidan suka gaishe shi suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a bakin tabarmar. Ya lura babban yatsanta ya yi ja, toka da tsami sun ci shi, ga shi kuma tana ta dirza shi a jikin masara.

"Zulai, na yi kuskure. Ki yafe min."

Ba ta daina murzar ba. "Malam, ban iya karatu ba ka auro ni. Ban iya ba muka haihu, ban iya ba muka tsufa. Ba ka taɓa faɗa min ba sai yau."

"Baki ne ya suɓuce."

"Bai suɓuce ba, gaskiya ya faɗa. Jahilar ce. Amma bari ka ji abin da jahilar ta gani. Kullum da asuba ina leƙen ka. Ka ɗauko ƙadangaren nan ka tsura wa tabon ido, ka share hawaye, ka ɗauka ban gani ba. Na ce a raina, abin da yarinyar nan ta kawo masa ne yake lalacewa a gabansa, ya rasa yadda zai yi. Na ce wannan kam na iya. Ban san sunayensu ba, ban san ƙasar da aka yi su ba, amma goge azurfa na iya."

"Zulai, tsaya ki ji. Tabon nan..."

"Bari in gama, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba." Ta ajiye totuwar. "Kai ka samu ka yi kukanka a gaban jama'a, aka ce uba ne, ɗan boko ne, a ƙyale shi. Ni fa? Ta fari ce. Tun tana zanin goyo ban taɓa kiran sunanta ba. Ranar da aka fita da ita mata sun zuba min ido su ga ko zan ba da kunya. Na raba kayanta ana ta yaba min haƙuri. Da kowa ya watse na koma ɗakin, Malam, ina neman ko silin gashi ɗaya a matajinta. Ashe na wanke shi tun ranar uku. Na duba bango inda take dafawa in za ta sa takalmi, ashe na goge. Kofinta, na wanke. Babu inda hannunta ya taɓa a gidan nan da ban bi na share ba, da hannun nan nawa." Ta ɗaga shi tana kallo. "Wani lokaci in na tuna, wallahi ji nake kamar in sare shi. Abin da ke riƙe ni kawai, na ce ai an riga an yi, babu sauran abin da zan ƙara sharewa."

Hawayen da ta riƙe shekara da shekaru suka zubo, ba ta ko tare su ba. Darasin da Malam Tukur ya shirya ya bi iska. Bai taɓa sanin ta koma ɗakin ba. Ya kwana ya tashi da ita duk tsawon lokacin nan yana zaton ta fi shi dauriya, alhali yana da abin da take nema a cikin akwati, ya rufe. Yanzu kuma in ya buɗe baki, abin da zai ba ta shi ne labarin cewa da akwai saura guda ɗaya, kuma yau da safe ta goge shi tana murmushi.

Ta share fuska da gefen mayafi. "Ni dai abu ɗaya nake so ka gaya min, sai in bi ka mu koma. Mene ne a tabon nan da ya fi ni?"

Ya dubi ƙwaryar masarar. Wata kaza ta matso tana satar ƙwaya, ba wanda ya kore ta.

"Tsatsa ce," ya ce. "Masu tara irin waɗannan kwabbai sun fi son su da tsatsarsu. In aka goge, darajarsu ta faɗi."

"Daraja?"

"Kuɗin da za su yi."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. "Ashe sayarwa ka yi niyyar yi."

"Mutum bai san abin da gobe za ta zo da shi ba."

"Tsarabar yarinyar nan."

Yana kallo wani abu ya sauka a idonta, irin saukar da ba a sake tashi. Tun tana amarya take ganin girmansa, ko talauci bai rage ba, ko ihun safiyar yau bai gama da shi ba. Wannan ce ta gama. Ya ji zafin har cikin ƙashinsa, ya kama bakinsa.

"To, Allah ya kyauta," ta ce. "Da ka faɗa min, da ban taɓa maka ba. Ka yafe min asarar da na ja maka."

Ta miƙe ta kakkaɓe zani, ta shiga ɗaki ta yi wa matan gida sallama. Suka fito zaure tare, ita a baya. Ɗayyabu ya ɗago daga buhunsa ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Kun shirya?"

"Mun shirya, Yaya," in ji Malam.

"Madalla. To, yanzu dai a gaya min, don in san abin da zan faɗa in an tambaye ni. Me ya haɗa ku?"

Zulai ta riga shi amsawa, tana gyara mayafi. "Ba wani abu ba ne, Yaya. Maganar kuɗi ce."

Ɗayyabu ya ajiye basilla. Ya ƙare wa surukin nasa kallo daga hula har ƙafa, kallon mutumin da ka daɗe kana yabo a bainar jama'a.

"Kuɗi, Tukur? Kai?"

Malam Tukur ya sunkuya yana neman takalminsa.

"Haka ne, Yaya," ya ce.